Mota Ta Mai Ita, Mabuɗi Na Kamfani

Duk wanda ya san birnin Akra, wanda Hausawan Zango suke kira Ankara, ya san Abossey Okai. Unguwa ce kusa da Kaneshie, tana maƙwabtaka da Sabon Zango, wanda Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20. A nan babbar kasuwar kayan gyaran mota ta birnin take. Shaguna ne dubbai a jere, wani fitilu kaɗai yake sayarwa, wani gilasai, wani giya da kuloci, wani kuwa inji sukutum da aka kwance daga motar da ta gama aikinta a Turai ko Koriya. Kowace safiya samari daga Nima da Maamobi da Sabon Zango sukan yi sammako zuwa can. Waɗansu yaran shago ne, waɗansu masu dako, waɗansu dillalai, waɗansu kuma kanikawa ne, waɗanda a Gana ake ce wa fita, sun zo neman abin da za su ɗaura wa motar da aka bar musu a gareji. Kirista da Musulmi, baƙo da ɗan gari, duk a wannan kasuwa suke neman abincin iyalinsu.

Akwai wani abu da yake tahowa a kan wannan kasuwa sannu a hankali. Bai yi kama da gobara ko rusau ba, shi ya sa mutane da yawa ba su farga ba. Manyan kamfanoni sun sami hanyar kulle kayan da suka riga suka sayar, makullin kuwa manhaja ce, wato rubutaccen umarnin da kwamfuta take bi. Mutum ya biya kuɗin motarsa cif, ya biya kuɗin fito a tashar jiragen ruwa ta Tema, takardu suna hannunsa, amma in ta lalace sai a ce akwai ɗakin da ba shi da iko ya shiga sai da iznin wani kamfani a Jamus ko Amurka. Wannan babakere ne, ko da wane suna aka kira shi, ya kuwa kamata a tsaya masa tun bai yi saiwa ba.

Abin da ya rayar da kasuwar

Abu biyu ne suka mai da Abossey Okai abin da take. Na fari, babu mutum ɗaya da ya riƙe kaya shi kaɗai. In mai shago ya tsawwala kuɗin lagireto, sai mai saye ya yi taku goma ya tambayi maƙwabcinsa. Akwai sabon kaya na kamfanin da ya ƙera motar, akwai wanda wani kamfani dabam ya ƙera a Sin ko Taiwan ko Turkiyya, akwai kuma na hannu. Mai kuɗi ya zaɓa, talaka ma ya zaɓa. Na biyu, bakanike ba ya neman iznin kowa kafin ya buɗe inji. Da sifana da ido da kunne yake gane ciwon mota. Saboda wannan 'yanci ne kanikawan Gana suka yi suna wajen dabara. A Suame Magazine da ke Kumasi, da garejojin Ankara, an saba ɗaura injin wata mota a jikin wata, a sassaƙa ƙarfen da aka rasa a kasuwa, a mai da motar ɗaukar kaya ta zama trotro mai ɗaukar fasinja. Motar da aka yar a ƙasar da aka ƙera ta takan ƙara shekaru masu yawa a nan tana ciyar da gidan mai ita, da na direba, da na yaron mota.

Masana tattalin arziki suna kiran na farin gasa, na biyun kuma ƙirƙira. Ɗan kasuwar Abossey Okai ba ya bukatar a koya masa waɗannan sunaye, gama ya san ranar da kaya ya koma hannun mutum ɗaya babu sauran tayi, sai dai a biya abin da aka yanka.

Yadda manhaja ta shiga cikin mota

Motar zamani ba ta da kafireto. Ƙananan kwamfutoci ne a cikinta, wani lokaci gommai, ɗaya tana lura da man da yake shiga inji, ɗaya da birki, ɗaya da giya, ɗaya da makullin ƙofa. Babbar cikinsu ita ce kanikawa suke kira ƙwaƙwalwar mota. In wani abu ya ɓaci, sai fitila ta kama a gaban direba, ita kuwa ƙwaƙwalwar ta ajiye wata lamba mai nuna inda ciwon yake. Ba a karanta lambar da ido, sai da na'urar gwaji.

Daga 1996 hukumomin Amurka suka tilasta wa kowane kamfani mai sayar da ƙananan motoci a ƙasar ya sa soket iri ɗaya mai ramuka 16 kusa da sitiyari, ya kuma yi amfani da lambobi iri ɗaya ga duk abin da ya shafi hayaƙin inji. Ana kiran wannan tsari OBD-II. Turai ta bi sahu a 2001 ga motoci masu shan fetur. Domin tsabtar iska aka yi dokar, ba wanda ya tuna da kanikawan Afirka sa'ad da ake rubuta ta. Duk da haka, da yake ƙofar a buɗe take ga kowa, sai masu ƙera na'urori suka shiga tsere. Kamfanonin birnin Shenzhen na ƙasar Sin, irin su Launch da Autel, suka cika duniya da na'urorin gwaji, har aka kai ga ɗan ƙaramin abu da ake maƙalawa a soket ya yi magana da wayar hannu. Farashi ya faɗi warwas. Yaron da ya koyi aiki a gindin itace a Maamobi ya iya mallakar abin da a dā sai babban garejin wakilin kamfani yake da shi. Bari mai karatu ya riƙe wannan da kyau: doka ɗaya ce ta hana kulle ƙofa, gasa da sabuwar dabara kuwa suka biyo baya da kansu.

Kamfanonin motoci da suka ga haka, sai suka fara gina wata ƙofa a bayan ta farin. Daga motocin 2018, kamfanin Fiat Chrysler, mai ƙera Jeep da Dodge, ya sa wani mai gadi na manhaja tsakanin soket da kwamfutocin mota. Na'urar bakanike tana iya karanta ciwon, amma ba ta iya goge lambar ko ba motar umarni, sai an yi rajista, an biya kuɗin shekara, an kuma shiga intanet an karɓo izni. Kamfanin Volkswagen ya kawo irin nasa daga 2020, waɗansu ma sun bi.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ciwo ga mai shago. A motoci da yawa na Audi da Volkswagen, akan ɗaure waɗansu kayan lantarki da motar da aka fara sa su a ciki. In aka kwance lafiyayyen kaya daga motar da ta yi haɗari aka ɗaura wa 'yar'uwarta, sai ya ƙi aiki yadda ya kamata, har sai wani mai izni ya haɗa motar da kwamfutar kamfani ta intanet ya kwance shi. To, a kan me kasuwar Abossey Okai take tsaye in ba a kan kayan hannu ba? Kwantena ta taso daga Hamburg, an biya kuɗin jirgi da na kwastan, kaya lafiyarsa ƙalau, amma ya zama ƙarfen banza a kanta domin wata kwamfuta a wata ƙasa ba ta ce i ba.

Masu gyaran waya a Tip Toe Lane, kusa da Kwame Nkrumah Circle, sun riga sun ɗanɗana irin wannan. A 2021, da iPhone 13 ta fito, aka gane cewa in mai gyara na waje ya canja mata gilashi, ko da gilashin na Apple ne na ainihi, sai wayar ta daina gane fuskar mai ita. Sai da jama'a suka yi wa kamfanin ca sa'an nan ya janye. Manoma ma ba su tsira ba. A Janairu 2025 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta kai kamfanin John Deere kotu, tana zarginsa da hana manoma da kanikawa masu zaman kansu cikakkiyar manhajar gyaran tarakta. In manomin Amurka, mai babbar gona da lauya da ɗan majalisa, yana kuka da wannan makulli, ina ga bakaniken Nima?

An taɓa bin wannan hanya

Wanda yake so ya san inda hanyar take kaiwa, sai ya dubi abin da ya faru da kwamfutar ofis. A shekarun 1990, fiye da tara cikin goma na irin waɗannan kwamfutoci da Windows ta kamfanin Microsoft suke aiki. A 1994 wani ƙaramin kamfani mai suna Netscape ya fito da manhajar shiga intanet, mutane suka karɓe ta hannu bibbiyu. Microsoft ya ƙera tasa, Internet Explorer, ya cusa ta cikin Windows, ya kuma matsa wa masu ƙera kwamfuta kada su cire ta. A Mayu 1998 gwamnatin Amurka da jihohi 20 suka kai ƙara. A 2000 alƙali Thomas Penfield Jackson ya sami kamfanin da laifin kare babakerensa ta hanyar da doka ta hana, ya ce a raba shi biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin rabawar a 2001, amma ta tabbatar an yi laifin. A 2004 Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro miliyan 497, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne ya ɓoye wa abokan gasa bayanin da suke bukata domin kayansu su yi aiki tare da Windows. Wannan ɓoyon bayani shi ne ake yi wa kanikawa yau.

Kafin shari'a ta ƙare, Netscape ya riga ya durƙushe. Abin da ya biyo baya ya isa amsa ga masu cewa babban kamfani shi ne uban ci gaba. Microsoft ya fito da Internet Explorer ta 6 a 2001, sa'an nan ya zauna shekara biyar bai fito da sabuwa ba. Sai a 2006 ya motsa, bayan Firefox, wadda aka gina a kan abin da Netscape ya bari, ta fito a 2004 ta fara janye masa mutane. Kamfanin yana da kuɗi da masana duk tsawon shekarun nan biyar, abokin tsere ne ya rasa, shi ya sa ya daina gudu.

Har wa yau ana jin nauyin wannan hannu a Gana. Ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro da aka saba, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa ba ta yarda ta hau kwamfutoci da yawa da aka ƙera kafin 2018. Su ne fa irin kwamfutocin hannu da suka cika shagunan Ankara da makarantu da ofisoshin ikilisiya. Kwamfuta tana kamawa, allonta lafiya, amma an yanke mata ranar tsufa daga nesa, ƙarshenta kuwa juji. Mutanen Ankara sun san irin wannan juji. Agbogbloshie, inda samari, yawancinsu daga arewacin Gana, suka yi shekaru suna ƙona wayoyin lantarki domin su ciro jan ƙarfe, ba ta da nisa da Abossey Okai. Hukuma ta rushe filin a Yuli 2021, amma rusau ba ya rage yawan abin da ake yarwa.

A 2018 hoton wani malamin makaranta na Gana, Richard Appiah Akoto, ya zaga duniya. Makarantarsa da ke Betenase a yankin Ashanti ba ta da kwamfuta, sai ya zana fuskar Microsoft Word a allo da alli iri iri domin almajiransa su ci jarrabawa. Kowa ya yabi himmarsa, ya kuwa cancanci yabo. Amma akwai tambayar da aka tsallake. Me ya sa za a sa yaron ƙauye ya haddace wuraren latsawa na hajar kamfani guda, a kuma kira wannan ilmin kwamfuta? Da makarantar koyon tuƙi za ta ce ba a cin jarrabawa sai da mota ƙirar kamfani ɗaya, da kowa ya ce talla ake yi wa kamfanin da kuɗin iyaye. Kada kuma a ce 'yan ƙasa ba su iya ba. Herman Chinery-Hesse, wanda ya rasu a 2024, tun 1991 ya kafa kamfanin manhaja a Ankara, yana rubuta abin da ya dace da ƙasar da wuta take ɗaukewa, layin waya kuma ba shi da tabbas. Irinsa ba za su yawaita ba a inda aka horar da kowane akawu ya ɗauka haja ɗaya ce tak a duniya.

Hujjojin kamfanoni

Kamfanoni suna da abin faɗi, ya kuma kamata a saurare su kafin a ba su amsa.

Hujja ta fari ita ce tsaro. Sukan tuna wa jama'a cewa a 2015 waɗansu masana biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun nuna za a iya shiga kwamfutar Jeep Cherokee daga nesa a taɓa giya da birki, har kamfanin ya kira motoci miliyan 1.4 domin gyara. Gaskiya ne haka ta faru. Amma ta ina suka shiga? Ta na'urar rediyo da kamfanin kansa ya haɗa da layin wayar salula, ba ta soket ɗin da bakanike yake amfani da shi ba. Kamfani ya bar tagarsa a buɗe, sa'an nan ya hukunta mai shigowa ta ƙofa da sallama. In lalle ana bukatar mai gadi, sai mabuɗin ya zauna a hannun wata hukuma da ba ta sayar da mota, wadda za ta tantance kowane bakanike mai gaskiya a kan kuɗin da ƙaramin gareji zai iya biya. Kotun Tarayyar Turai ma ta duba wannan hujja. A Oktoba 2023, cikin ƙarar da kamfanonin gyara ATU da Carglass suka kai Fiat Chrysler, ta ce mai ƙera mota ba shi da iko ya ɗora wa masu gyara masu zaman kansu sharuɗɗan da dokar Turai ba ta tanada ba.

Hujja ta biyu, wai sun kashe dukiya mai yawa wajen rubuta manhajar, dole su mai da kuɗinsu. Ma'aikaci ya cancanci ladansa, ba mai musun wannan. Amma an biya su ranar da aka sayi motar. Magini in ya gina gida ya sayar, ba ya riƙe mabuɗin ɗaki ɗaya ya ce duk ranar da rufi ya yi yoyo sai an kira ɗansa. Ba wanda ya ce su ba da asirin ƙirarsu kyauta. Abin da ake nema shi ne bayanin gyara da iznin haɗa kaya, a sayar wa ƙaramin gareji kamar yadda ake ba wakilin kamfani, a kan farashin adalci.

Hujja ta uku ita ce jabun kaya da kayan sata. A nan kasuwa ba ta da bakin yin fushi, gama akwai masu sayar da jabun birki, jabun birki kuwa kisan kai ne. Wajibi ne 'yan kasuwa su fitar da irin waɗannan daga cikinsu, hukumar kula da ingancin kaya ta Gana da 'yan sanda kuma su yi aikinsu. Amma makullin manhaja ba ya bambanta jabu da na ainihi. Kayan da kamfanin ya ƙera da hannunsa, aka saye shi da rasit daga mai kwance motoci, shi ma a kulle yake. Wanda ya hana kowa shiga kasuwa domin akwai ɓarawo ɗaya, sa'an nan ya buɗe shagonsa a bakin ƙofa, ba tsoron ɓarawo ne ya dame shi ba.

Manhajar sata ba mafita ba ce

Akwai masu cewa a kwantar da hankali, duk abin da Bature ya kulle wani yaro zai fasa. Lalle garejoji da yawa da fasasshiyar manhaja suke aiki, ofisoshi da yawa kuma da Windows marar lasin. Amma wannan dabara kwanakinta sun kusa ƙarewa. Makullin dā a cikin faifai yake, ana iya kwafarsa. Na yanzu yana zaune a kwamfutar kamfani a ƙetaren teku, kowace rana sai an je an gaishe shi. Ban da haka, fasasshiyar manhaja takan kasance tsohuwa, wani lokaci da ƙwayar cuta a ciki, in kuwa ta kashe ƙwaƙwalwar motar mutum, bakanike ne zai biya, ba shi da wurin kai kuka.

Ya kamata kuma a gane wa satar take yi wa aiki. A 1998 Bill Gates, shugaban Microsoft a lokacin, ya faɗa a fili game da mutanen Sin cewa in dai za su saci manhaja, gara su saci tasa, su saba da ita, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. Mai amfani da kwafin sata yana zaton ya ci riba, alhali kuwa yana taya mai babakere korar abokan gasarsa, gama ƙaramin kamfani mai sayar da haja da araha ba zai iya tsere da kyauta ba. Mai tsoron Allah kuma yana da nasa dalili. Bai kamata a kafa tsarin da zai sa mutum mai neman halal ya zaɓa tsakanin sata da yunwar 'ya'yansa ba, bai kuma kamata shi ya zauna cikin satar yana cewa ya tsira ba.

Abin da kakanni suka yi

Ƙasar Gana ba baƙuwar babakere ba ce. A 1937, sa'ad da ake kiranta Gold Coast, manyan kamfanonin Turawa masu sayen koko, har da UAC da Cadbury, suka haɗa baki a kan yadda za su raba ciniki. Manoma da sarakunansu suka ƙi sayar da koko, suka kuma ƙi sayen kayan Turawa, tun daga ƙarshen 1937 har Afrilu 1938. Ingila ta aiko da kwamitin Nowell, shi kuwa ya ba da shawara a warware haɗin bakin. A Janairu 1948 kuma, Nii Kwabena Bonne na Uku, wani basarake na Osu, ya jagoranci ƙaurace wa shagunan ƙungiyar 'yan kasuwar Turawa da ake kira AWAM, saboda tsadar kaya, har kamfanonin suka yarda su rage riba. Sunan AWAM ya zama kalmar zagi a bakin mutanen Gana, ma'anarta cuta. Waɗannan mutane ba su da dokar da take bayansu, yawancinsu ko boko ba su yi ba. Sun dai gane wanda ya riƙe ma'auni, suka kuma haɗa kai. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Abin da ya kamata a yi

Na fari, doka. Ba sai an je Turai neman misali ba. Daga 1 ga Yuli 2021 hukumar gasa ta Afirka ta Kudu ta kafa ƙa'idodin da suka ba mai mota damar kai ta garejin da ya ga dama ba tare da ya rasa garantinsa gaba ɗaya ba, suka kuma bukaci kamfanoni su ba masu gyara masu zaman kansu bayanin aiki. Ostareliya ta mai da raba bayanin gyara dole daga 1 ga Yuli 2022. A jihar Massachusetts ta Amurka, wajen kashi 75 cikin ɗari na masu zaɓe suka goyi bayan faɗaɗa haƙƙin gyara a 2020. Nijeriya ta sami cikakkiyar dokar gasa a 2019, hukumarta kuma ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a 2024. Gana kuwa tana da doka ta 589 ta shekarar 2000, wadda ta hana yaudarar masu saye da ɓata sunan abokin ciniki, amma ba ta kafa hukumar da za ta tunkari mai babakere ba. An shafe shekaru ana zancen daftari, har ƙarshen 2024 Majalisar Dokoki ba ta zartar da cikakkiyar dokar gasa ba. Abin kunya ne ga ƙasar da hedkwatar kasuwar bai ɗaya ta Afirka take a babban birninta tun 2020.

Na biyu, gwamnati tana da abin riƙewa a hannu. Volkswagen ya fara harhaɗa motoci a Ankara a 2020, Toyota a Tema a 2021, bisa ga tsarin da ya ba masu harhaɗawa rangwamen haraji. Rangwamen haraji kuɗin jama'a ne. Wanda ya karɓe shi, ya kamata a rubuta masa sharaɗi cewa zai buɗe bayanin gyara ga garejojin ƙasa, ya kuma tanadi hanyar kwance kayan hannu da aka saya ta halal.

Na uku, ƙungiyoyin kasuwa. Ƙungiyar masu sayar da kayan gyara ta Abossey Okai ta iya ɗaga murya a kan kuɗin fito da faɗuwar sidi, gwamnatoci kuma sukan saurare ta. Lokaci ya yi da za ta sa makullin manhaja cikin jerin kukanta, ta haɗa kai da ƙungiyar masu gareji ta ƙasa da mutanen Suame da masu gyaran waya na Circle. Kafin doka ta zo, garejoji goma suna iya yin adashi su sayi na'ura ɗaya mai lasin su riƙa aiki da ita tare.

Na huɗu, makarantu. Ikilisiyoyi suna da makarantu da wuraren koyon sana'a masu yawa a Gana da Nijeriya da Nijar. Akwai manhajoji da kowa yake da iznin kwafa da gyarawa, irin su Linux, wadda aka fara a 1991, da LibreOffice ta rubutu da lissafi. Suna hawa tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi, ba sata, ba kuɗin lasin. Kwamitin makaranta da zai zubar da kwamfutoci ashirin masu rai domin wani kamfani ya ce sun tsufa, bai riƙe amanar baikon jama'a da kyau ba. Haka kuma mai koyon kanikanci yau yana bukatar sanin lantarki da karatun na'ura kamar yadda yake bukatar sifana.

Na ƙarshe, mai saye. Kafin a biya kuɗin mota ko waya ko tarakta, a tambaya wa zai iya gyara ta a unguwa, kayan hannu kuma za su hau ta ko ba za su hau ba. Dillali in ya ji tambayar sau goma a mako, zai kai ta ga wanda yake aiko masa da kaya.

Yawancin motocin da suke yawo a titunan Ankara na hannu ne, sukan iso Tema bayan sun yi shekaru a wata ƙasa. Wannan jinkiri ne ya ɓoye matsalar har yanzu. Motocin da aka ƙera da sabon makulli daga 2018 zuwa 2020 sun fara shigowa, kowace shekara kuma za su ƙaru, tsofaffin da ake gyarawa da sifana kaɗai suna raguwa. Yaran da suke koyon aiki yau a garejojin Nima da Sabon Zango, waɗannan motoci ne za su tarar a gabansu ranar da maigida ya yaye su. Shugabannin kasuwa da 'yan majalisar da suke zuwa Zango neman ƙuri'a suna da 'yan shekaru kaɗan su sa a rubuta dokar kafin ranar ta zo.